Daminar da Baba Ya Haddace Allon Ido

Ruwan bana ya kama mu da gaske. Yau kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo Kafanchan ba, kayan da na shanya sun fara warin danshi, itace kuma sai hayaƙi yake yi. Jiya a wannan sanyin na ce bari in yi mana gwaten acca. 'Yata Hannatu ta kai cokali na biyu baki sai na ji ƙaras, ta tauna tsakuwa. Ta ɗago ta dube ni. Ni da tun ina yarinya nake rairaye acca, ba a taɓa samun yashi a tukunyata ba. Ta ce gobe za ta kai ni a gwada mini ido. Na ce ba inda za ni, idona ƙalau yake. Maganar tana fita daga bakina na gane mai ita. Maganar Baba ce sak, har da yadda yake ɗaga haɓa in zai faɗe ta.

A farkon shekarun casa'in ne. Ina koyar da 'yan aji uku a firamaren ƙauyenmu, ban yi aure ba tukuna, ina zaune da iyayena. Ƙauyen yana can ta hanyar Kwoi, sai ka sauka daga kwalta ka bi 'yar hanyar ƙafa, ka haye rafi a kan gadar itace guda biyu da aka jera. Yayyena maza duk sun tafi Kaduna, suna Sabon Tasha suna neman abin yi, don haka gona ta rage wa Baba da Mama, da ni in an tashi makaranta. Shekarun ba su da daɗi. Takin zamani sai dai mu ji labarinsa, amfanin shekarar da ta wuce bai cika rumbu ba, tun kafin ruwa ya sauka Mama ta fara rage hannu in za ta ɗebi hatsi.

Baba, sunansa Ayuba, dattijon ikilisiya ne. Cikin sa'anninsa shi kaɗai ya yi karatu sosai, saboda haka shi ke karanta Littafi Mai Tsarki kowace Lahadi kafin Fasto ya hau wa'azi. A gayya kuma shi ke kama kunyar farko, sauran maza su bi sahunsa. Mutum ne mai son a ga ya iya, kuma gaskiya ya iya ɗin.

Ban san ranar da idonsa ya fara tafiya ba. Abin da na sani shi ne wata Lahadi ina zaune a bencin mawaƙa, kusa da shi, na ga karatun ya tsallaka zuwa shafi na gaba amma Baba bai juya takarda ba. Ya ci gaba da karantawa tiryan-tiryan har ƙarshen sura. Daga nan na fara lura. Ba ya gaida mutum da suna sai mutumin ya fara magana. In zai zuba kunu sai ya sa yatsa a bakin kofi. A tsakiyar idonsa na hagu akwai wani fari kamar an ɗiga nono. Mama ta riga ni sani da daɗewa. Ba ta taɓa yin zancen ba, sai dai komai na gidan ta ba shi mazauni: kujerar Baba, butarsa, fartanyarsa, turmi, duk ba mai gusar da su ko da taki ɗaya. Wata rana na ja kujerar don in yi shara na manta ban mayar ba, Mama ta yi mini faɗan da har yau ban manta ba.

Akwai dalilin ɓoyon. Abokinsa Baba Dogara ya taɓa yin irin wannan farin. Wani mai maganin ido da ke bin kasuwanni ya zaunar da shi a rumfa ya soka masa allura, wai zai ture yanar da ta rufe idon. Ya gani na sati biyu, har aka yi murna, sannan idon ya kumbura ya mutu. Tun daga nan Baba Dogara yake zaune a gindin mangwaro, ana kawo masa abinci, in ana shawarar gari ba mai tunawa da shi. Abin da Baba yake gudu ke nan, allurar da kuma gindin mangwaron.

Ruwan farko ya sauka a watan huɗu, ƙasa ta yi wannan ƙamshin, gari ya fita shukar citta. Muna cikin yankan ciyawar da ake rufe cittar da ita aka yi sanarwa a coci da masallaci cewa ma'aikatan ido za su zo daga Kafanchan, duk wanda ya haura shekara hamsin ya hallara a makaranta ranar Asabar. Suna so su san tsofaffi nawa ne ba sa gani sosai a yankinmu, da abin da ya jawo. Shugabansu Malam Isiyaku ba baƙo ba ne, mahaifinsa ya daɗe yana sayen citta a hannunmu ranar kasuwa. Ya zo tun ranar Alhamis ya ga Hedimasta, ya ce yana bukatar wanda zai yi tafinta zuwa yarenmu ya kuma riƙe sandar nuni. Hedimasta ya nuna ni.

Malam Isiyaku ya koya mini aikin a ajina. Allo ne fari, an zana masa harafi ɗaya tak, mai ƙafa uku, wani ya kalli sama, wani ƙasa, wani dama, wani hagu. Na layin sama ƙato ne, suna sauka suna ƙanƙancewa. Za a miƙa igiya mai tsawon mita shida, tsoho ya zauna a ƙarshenta, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, in nuna harafi, shi kuma ya nuna da yatsu uku inda ƙafafun suka kalla. Ba sai mutum ya iya karatu ba. Wanda ya kai layin da ake so sai a rubuta ya tafi gida. Wanda ya kasa, shi ne za a shigar aji a haska cikin idonsa da tocila a gano dalili. Ya bar allon a kabad ɗina ya koma.

Washegari da rana muna hutawa a gindin ɗorawar gona, ni da Baba, hannuwanmu duk ƙaiƙayin ciyawa. Baba Hausar coci da ta kasuwa ya iya, mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Ya juyo ya ce, "Saratu, wannan allo nasu, a ajinka yake kwana?"

Na ce a nan yake.

Ya ce, "Ba na so a kira ni makaho a gaban mutane. In sun rubuta a takarda, shi ke nan, sun rubuta. Ka taimake ni."

Ban taɓa jin Baba ya roƙi wani abu ba sai a addu'a. Na so in ce masa asibiti daban, mai allurar kasuwa daban, amma ban faɗa ba. Har da wani abin kunya a ciki, ni ma ban so a ce uban Malama makaho ne. Da yamma na koma makaranta na kwafe jerin haruffan a bayan littafin darasi, na dawo gona. Muna shimfiɗa ciyawa a kan kunyoyin citta ina faɗa yana maimaitawa: dama, sama, hagu, ƙasa, dama, sama. Mutumin da ya haddace surori ba adadi, wannan ba komai ba ne a wurinsa. Ya ɗora jerin a kan muryar wata waƙar coci, kafin mu gama kunya uku ya riƙe allon daga sama har ƙasa. Mama tana can gefe tana ɗaure ciyawa, ta ji mu sarai. Ta ce mu ji tsoron Allah, ta ɗauki daminta ta yi gaba.

Ranar Asabar an tashi da hadari, ana ɗan yayyafi yana ɗaukewa. An rataye allon a bangon aji ta waje saboda haske, aka miƙa igiya zuwa gindin mangwaro, aka ajiye benci. Malam Isiyaku ya zauna da teburinsa da takardunsa kusa da allon, ni ina tsaye da sanda. Tsofaffi sun fi yadda muka zata yawa. An sha dariya da farko. Wata tsohuwa ta ce ita ba ta ga ƙafa ba, manjagara take gani. Wani ya rufe ido da hannu amma ya buɗe tsakanin yatsu yana leƙe. Daga baya dariyar ta ragu, don waɗanda ba su ga ko ƙaton na sama ba suna ta ƙaruwa. Irin waɗannan sai a matso da su, a ɗaga yatsu su ƙirga, in sun kasa a kaɗa musu hannu a fuska, in sun kasa a haska tocila a tambaye su ta ina hasken yake.

A cikin aji an rufe tagogi don a sami duhu, ni ke fassara abin da Malam ya gani. Wasu yanar ido ce, kuma wannan ana cirewa a asibiti mutum ya gani. Wasu ciwon nan ne da baƙaƙen ƙudajen bakin rafi ke kawowa, wanda ke fara wa mutum da ƙaiƙayin jiki. Wasu gashin ido ne ya juya ciki yana gogar ƙwayar. Wasu ruwan cikin ido ne ya yi yawa yana danne jijiya. Wasu kuwa tabarau kawai suke bukata. Masu yana aka rubuta sunayensu, aka ce mota za ta zo ta kwashe su a farkon watan tara. Mutum biyu ne ya ce kada su jira mota, su sauka Kafanchan a cikin makon nan. A lokacin ban tambayi dalili ba.

Sai aka kira Baba. Ya zo da malafarsa ya ja ta ƙasa, ya zauna daram. Malam Isiyaku ya gaishe shi daga inda yake, ya tambayi citta, ya sunkuya kan takarda. An koya mini in riƙa tsallake-tsallake, in nuna nan in nuna can. Ban yi haka ba. Na fara daga sama na bi layi ɗaya bayan ɗaya, duk harafin da na nuna sai in ɗan buga sandar a allo don ya ji. Yatsun Baba suna juyawa, leɓensa yana motsi a hankali, ni kaɗai na san waƙa yake yi. Ya kai layin ƙarshe da idon dama. Ya kai da na hagu, wannan mai farin. Malam ya ɗago ya ce ko shi da tabaraunsa da ƙyar yake ganin wannan layin. Mutane suka tafa. Baba ya miƙe zai wuce, ƙafarsa ta sarƙe da igiyar har ya yi tangaɗi. Na ce shi ke nan, asiri ya tonu. Amma Malam yana rubutu, bai gani ba, kuma aka kira na gaba.

Na zaci zan sami sauƙi. Daga ranar nan ban ƙara samun kwanciyar hankali ba har damina ta kusa fita.

A watan shida aka watsa acca, ruwa ya zauna sosai. Rumbu ya yi ƙasa har sai Mama ta shiga da rabin jikinta kafin ta taɓo hatsi. Muka koma tuwo sau ɗaya, da safe kunu mai ruwa-ruwa, da rana abin da ya samu, ganyen wake, yakuwa, rama, ɗan gwaza in an dace. Yara suna zuwa aji da ciki wayam, kafin sha ɗaya sun fara gyangyaɗi, ni ma sai in jingina da bango saboda jiri. Kowa ya sa ido ga accar nan, don ita ke fara nuna ta fitar da mutane daga yunwa.

Wanda bai taɓa noman acca ba ba zai gane ba. In tana ƙarama, ita da ciyawa kusan abu ɗaya ne. Ba a sa mata fartanya, da hannu ake bi, a tsugune, kana duban launi da yadda ganye ya kwanta. Aikin ido ne zalla. Ranar gayyar gonarmu a watan bakwai, Mama ta haƙura da hatsin kwana uku ta dama wa mutane kunu. Baba ya kama layin farko kamar kullum. Ina kawo ruwa na bi ta bayansa, na ga abin da ya tara a gefe, acca ce fiye da rabi. Ciyawar tana nan tsaye abinta. Mazan da ke kusa da shi sun gani.  Wani ya ja shi da hira, wani ya ce Baba ya zo ya duba masa bakin garma, biyu suka koma ta bayansa suna cire ciyawar da ya bari. Accar da aka tuge kuwa ba ta komawa. Wannan gefen gonar ya zauna fili, duk wanda ya wuce ta hanya yana gani.

A makon nan ne idon hagun ya fara ciwo. Ya yi ja, yana hawaye, ciwon ya kama masa rabin kai har ya yi amai sau biyu. Mama ta ɗaure masa kai da tsumma, ta dafa ganye ya yi turare. Ya ce zazzaɓin damina ne. Na ce mu tafi Kafanchan, ya ce a je a ce me, ba shi ne ya cinye allo a gaban gari ba? Ban matsa ba, domin in an je ɗin ni ma sai na faɗi abin da na yi. Bayan kwana goma ciwon ya lafa da kansa, muka ce mun gode Allah. A da, da safe yakan ce yana ganin ƙofar ɗaki fari-fari da idon nan. Bayan ciwon bai sake faɗin haka ba.

Sai watan takwas ya shigo da irin ruwan da muke ciki yanzu. Kwana da kwanaki ba rana. Bangon bayan gida ya zube, gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa sai an je maƙwabta ɗebo wuta. Rafi ya cika ya tafi da gadar itacen nan. Da ruwa ya ɗan ja, samari suka samo itatuwan suka sake jera su, amma ba a wurin da suke ba, sun matsa ƙasa kamar taki biyar inda gaɓar ta fi ƙarfi. Ba wanda ya ga abin faɗa a ciki, ai kowa yana gani. Baba ya fita da hantsi zai duba masara a ƙetare. Shekara nawa yana bin hanyar nan, ƙafarsa ta san takun daga bishiyar kanya zuwa gada. Ya taka inda gadar take a da.

Allah ya sa wasu mata suna wanki a ƙasa. Su suka riƙo rigarsa. Ina aji aka zo aka kira ni, na tarar an kawo shi gida, jiƙe sharkaf, ƙaurinsa ya tsage, malafar ta tafi. Yana rawar sanyi yana cewa santsi ne ya kwashe shi.

A nan Mama ta yi maganar da ta shekara tana haɗiyewa. Ba ta ɗaga murya ba, tana goge masa ƙafa ne da ruwan ɗumi. Ta ce ba santsi ba ne. Ta ce ta gaji da jera masa duniya, gida za ta iya, rafi ba za ta iya ba. Ta ce gari duka ya sani, mazan gayya suna bin bayansa suna gyara, matan coci sun san ba ya juya takarda.  Baba ya ce, "Har Fasto?"

Mama ta ce, "Shi ya fara sani."

Washegari na nemi izinin Hedimasta. Na haye gadar da rarrafe don ruwa yana lasar ta, na taka zuwa kwalta cikin taɓo, na jira mota har zanena ya bushe ya sake jiƙewa. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗi maganar ta yi daɗin ji. Da na sami Malam Isiyaku a sashen ido na asibitin Kafanchan, duk shirin ya watse, na faɗa masa yadda aka yi tun daga gindin ɗorawa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce da laifinsa, bai kamata ya ba 'ya sanda ta gwada ubanta ba. Ya ce takardar Baba ta riga ta tafi cikin masu gani. Sannan ya tambaye ni ko idon ya taɓa yin ja da ciwo. Da na ba shi labarin watan bakwai, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce kada mu jira mota, a kawo shi gobe.

Maza huɗu suka haye da Baba rafi, aka ɗora shi a babur zuwa kwalta. Bai yi gardama ba. A barandar asibiti aka miƙa igiya, aka rataye allon nan dai, amma wannan karon Malam ne ya riƙe sanda. Ya ɗora ta a tsakiyar allo. Baba ya ji bugun sanda, yatsunsa suka nuna dama, farkon waƙarsa. Harafin ƙasa yake kallo. Malam ya koma kan ƙaton na sama, Baba ya ce ba ya ganin allon ma. Aka matso da shi rabin igiya, ba labari. Aka ɗaga masa yatsu a gaban fuska, da idon dama ya ce kamar abu yana motsi. Aka shiga ɗaki aka haska tocila. Idon dama ya nuna hasken ta sama, ta gefe, ta ƙasa, bai kuskure ba. Aka koma na hagu. Malam ya kunna, ya kashe, ya kunna. Baba ya ce a kunna mana, yana jira.

Malam Isiyaku ya fito da ni waje ya yi mini bayani a hankali. Na dama yanar ido ce, kuma bayanta lafiya lau, za a cire ya gani. Na hagu ma da yana ce, sai dai ta nuna har ta wuce, ta toshe hanyar ruwan ido, ruwan ya taru ya danne jijiya. Ciwon watan bakwai ke nan. Lafawar da muka yi wa godiya, idon ne ya gama mutuwa. Na tambaye shi, da a ce ya haska idon nan a watan huɗu fa? Ya ce rai da lafiya na Allah ne. Na ce ya gaya mini gaskiya. Ya ce, "Kin tuna mutum biyun da na ce kada su jira mota? Irin nasa ne."

An yi wa Baba aiki a idon dama. Kwanakin da ya yi da bandeji ban iya cin abinci ba, ina ta tuna Baba Dogara da satinsa biyu. Da aka buɗe aka sa masa wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, ya dubi Mama ya daɗe, sannan ya ce ta rame. Ta ce ai yunwa ake yi, shi ne bai gani ba.

Mun koma gida ana yankan acca. Kafin ya shiga ɗaki ya ce a kai shi gona. Ya tsaya a gefen nan da ya zauna fili, ya dube shi daga wannan kai zuwa wancan, bai tambayi kowa ba. Accar da muka samu ba ta kai mu inda muka so ba, sai da citta ta fito muka miƙe. Ranar Lahadin da ya koma karatu, coci ya cika. Baban da ke zuba sura kamar ruwa, ranar nan sai ga shi yana bin layi da yatsa, yana tsayawa, yana komawa baya. Da ya kai ƙasan shafi ya lashi yatsa ya juya takarda, na ji matan bayana sun sauke numfashi. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana karatu da ido ɗaya. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Sau ɗaya na ɗauko zancen, ya ce shi ya roƙa. Haka ne, shi ya roƙa, amma sandar a hannuna take, kuma har yau ban manta da farin idon nan ba.

Yau da safe ruwan ya ɗan tsagaita, Hannatu ta zo da lema ta ce in shirya. Na shirya. Yanzu ba igiya, ba gindin mangwaro, allon ma da wuta a cikinsa, amma harafin nan mai ƙafa uku yana nan yadda na bar shi. Wata yarinya ma'aikaciya ta ce mini Mama ki rufe ido ɗaya. Ta ɗora sanda a sama. Ban gan shi sosai ba, amma sai na ji leɓena ya fara motsi da kansa, dama, sama, hagu, da muryar waƙar da komai. Na sauke hannuna.

Na ce, "'Yata, kada ki bi layi. Ki riƙa tsallakewa."

Ta yi murmushi ta ce ai haka ake yi. Ta nuna nan, ta nuna can. A layi na uku na tsaya. Na ce mata daga nan ba na gani, ta rubuta, ta ɗauko tocila.